Bajewar Ƙeyar Jariri da Lokacin Fara Magance Ta: Abin da Ya Dace da Gangara da Sauran Damargu

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu yi bayanin wata larura ta jarirai wadda likitoci ke kira plajiyosefali, kalmar da Faransanci ya aro daga Girkanci mai ma'anar karkataccen kai. Mu a nan za mu kira ta bajewar ƙeya, domin abin da ido ke fara gani ke nan: bayan kan jariri ya baje a gefe ɗaya, ko kuma ya shafe gaba ɗaya. Tambayar da ta dame mu ita ce yaushe ya kamata a fara magani, kuma da me.

Mun zaɓi mu duba tambayar daga Gangara, ƙaramar hukuma ta karkara a gundumar Tanut ta jihar Damagaram, cikin ƙasar Damargu wadda tun 2011 ta kasu tsakanin gundumomin Tanut da Belbeji. Dalili shi ne yawancin abin da aka rubuta a kan wannan larura an rubuta shi ne a Turai da Amurka, inda muhawara ta fi karkata ga wata hular kwano mai tsada da ake sa wa jariri. Ra'ayinmu shi ne lokacin da ya fi amfani ya riga lokacin hular, yana tsakanin sati na 6 da wata na 4 da haihuwa, kuma abin da ake bukata a wannan tsakani yana hannun uwa da ma'aikacin gidan likita na ƙauye.

2. Yadda ƙeya ke bajewa

Ƙoƙon kan jariri ƙasusuwa ne daban-daban masu taushi, waɗanda mahaɗansu ba su riga sun ƙulle ba. Wannan ne ke ba kai damar matsewa wajen haihuwa, ya kuma ba ƙwaƙwalwa wurin girma. Maɗiga, wadda kowace uwa ta sani, ita ce babbar tazarar da ke tsakanin waɗannan ƙasusuwa, kuma galibi takan rufe tsakanin wata 12 da 18. Kewayen kai yakan kai wajen santimita 35 ranar haihuwa, ya kai wajen 46 a cikar shekara. Sai dai girman ba daidai yake tafiya ba: kusan santimita 2 kowane wata a watanni uku na farko, santimita 1 daga wata na 4 zuwa na 6, sa'an nan rabin santimita har ƙarshen shekara.

Idan jariri ya yawaita kwanciya a kan wuri ɗaya na kansa, wurin nan ba ya samun sararin girma, sai kan ya girma ta inda babu abin da ya tare shi. Da zarar gefen ya ɗan baje, kai yakan riƙa faɗawa can da kansa kamar ƙwaryar da aka ajiye a kan gindinta, abin ya yi ta ƙaruwa. Ana yawan samun wannan tare da ƙagewar wuya, wato tsokar gefe ɗaya ta wuya ta gajarta har jariri ya kasa waiwayawa sosai. Tagwaye, da bakwaini, da ɗan fari, da yaron da rashin lafiya ya kwantar, sun fi sauran shiga haɗari.

Ya kamata a bambanta wannan da matsewar kai ta haihuwa, wadda takan warware da kanta cikin kwanaki ko ƴan makwanni. Shi ya sa likitoci ba su cika yanke hukunci kafin sati na 6 ba.

3. Abin da bincike ya nuna

A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki lokacin barci, a 1994 kuma aka yi babban gangamin kwantar da su rigingine. Mutuwar farat ɗaya ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi, amma daga 1996 asibitoci suka fara ba da rahoton ƙaruwar bajewar ƙeya. Wani binciken da aka buga a 2004, wanda ya bi jarirai 200 a Okland ta ƙasar Niyu Zilan, ya sami larurar a kashi 16 cikin ɗari a sati na 6, kashi 19.7 a wata na 4, kashi 6.8 a cikar shekara, da kashi 3.3 a shekara biyu. A Kalgari ta Kanada, binciken 2013 a kan jarirai 440 masu sati 7 zuwa 12 ya sami kashi 46.6, mafi yawansu bajewa ce ƙarama.

Waɗannan alƙaluma na ƙasashen da jariri ke wuni a gadonsa ko a kujerar mota ne, don haka ba za a ɗora su a kan Damargu kai tsaye ba. Abin da za mu ɗauka a cikinsu shi ne tafiyar larurar: tana hauhawa har wata na 4, sa'an nan ta yi ta sauka daga lokacin da yaro ya riƙe wuyansa, ya fara juyi da zama.

Gwaje-gwaje biyu daga ƙasar Holand sun fi shafar tambayarmu. Na farko, na van Vlimmeren da abokan aikinsa a 2008, ya ɗauki jarirai 65 masu sati 7 da ke fifita gefe ɗaya, aka koya wa iyayen rabinsu dabarun juya kai da motsa jiki. A cikar shekara, bajewa mai tsanani ta kasance a kashi 24 cikin ɗari na waɗannan, alhali ta kai kashi 56 a sauran. Na biyu, na van Wijk da abokan aikinta a 2014, ya gwada hular kwano a kan jarirai 84 masu wata 5 zuwa 6. A shekara biyu, kashi 26 na masu hula sun warke sarai, kashi 23 na marasa hula su ma sun warke, bambancin da bai kai a dogara da shi ba. Dukan iyayen masu hula sun ambaci wata matsala, kamar gumi, wari, ko kumburin fata. A lura cewa wannan gwaji bai haɗa da bakwaini, da masu ƙagewar wuya, da masu bajewa mafi tsanani ba, shi ya sa ƙa'idojin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka na 2016 suka bar wa hula gurbi ga yaron da sauran hanyoyi ba su yi masa amfani ba.

4. Goyo, jego da tabarma

Renon da aka saba a Gangara, kamar a sauran ƙasar Hausa, yana ɗauke da kariya babba. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa ko yayarsa, a hanyar rijiya ko wajen daka, ƙeyarsa ba ta kan komai, wuyansa kuma yana aiki. Shayarwa a nono biyu tana juya kansa dama da hagu sau da yawa kowace rana. Yawan hannuwa a gida, daga kaka zuwa goggo, yana rage sa'o'in kwanciya. Abin da hukumar lafiya ta Faransa ta shawarci iyaye a 2020, wato a riƙa ɗaukar jariri, a bar shi ya motsa, a rage barinsa cikin kujerun da ke danne kai, ya yi kusa ƙwarai da wannan reno.

Duk da haka akwai wuraren da kariyar ke raguwa. Na farko, kwanaki arba'in na jego, lokacin da jariri ya fi zama a ɗaki kuma kansa ya fi taushi. Idan kullum haske na shigowa ta ƙofa ɗaya, uwa kuma na kwanciya a gefe ɗaya, fuskarsa za ta saba da waje guda. Na biyu, goyon kansa: yaro mai ƙagewar wuya zai riƙa jingina kunci ɗaya a bayan uwa kowane lokaci, ba a kuwa cika lura ba domin mai goyo ba ta ganin bayanta. Na uku, kuma mafi nauyi a Damargu, yaron da ba ya da ƙarfi. A shekarun ƙarancin abinci irin 2005, da kuma kowace shekara a watannin da rumbu ya ƙare kafin kaka, tamowa da zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara makwanni. Yaron da ya makara wajen riƙe wuya da juyi yakan daɗe a kan ƙeyarsa. A nan bajewar alama ce ta wani abu da ya fi ta muhimmanci, kuma shi ya kamata a fara nema.

Game da gasa kai da tsumma mai ɗumi da mulmula shi, wanda ungozomomi da kakanni ke yi lokacin wanka, matsi na ƴan mintoci ba ya rinjayar matsi na sa'o'i da yawa a kan tabarma. Kan da ya daidaita bayan gashi, galibi matsewar haihuwa ce da za ta warware ko ba a taɓa ta ba. Ya kamata a kiyaye ƙuna, kuma kada a danna maɗiga.

5. Yaushe za a fara

Daga haihuwa zuwa sati na 6, aikin rigakafi ne. Jariri ya yi barci rigingine, wannan ba ya canzawa ko ƙeya ta baje, domin siffar kai ba ta kai rai daraja ba. A riƙa sauya gefen da fuskarsa ke kallo, a sauya inda kansa yake a shimfiɗa, yau wajen ƙofa gobe wajen bango. Idan yana farke kuma ana kallonsa, a kifa shi a kan ƙirjin uwa ko cinyarta na ɗan lokaci.

Daga sati na 6 zuwa wata na 4 shi ne lokacin magani na gaskiya. Da zarar an ga bajewa ko fifita gefe, a fara a ranar, ba sai an jira ya yi zama ba. A juya kai zuwa gefen da bai baje ba, a riƙa yi masa magana da wasa ta gefen da ba ya so, a duba kuncin da yake jinginawa a goyo a sauya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a kife kowace rana, a rarrabe, yana farke. Idan wuya ya ƙage, a tura shi wurin masu aikin motsa gaɓɓai a asibiti, wato kine, su koya wa uwa yadda za ta miƙa tsokar a hankali. Kada a sa matashi ko gammo a ƙarƙashin kansa lokacin barci. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan matasan gyaran kai saboda haɗarin toshe numfashi.

Wannan tsakani ya yi daidai da allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14, wato sau uku da uwa ke kawo jariri gidan likita da ƙafarta, kuma tun 2006 Nijar ta ɗauki tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Dubawar ba ta wuce minti biyu: a zaunar da jariri a cinyar uwa, a kalli kan daga sama, a sa ya bi fuska ko yatsa dama da hagu, a auna kewayen kai a rubuta a katinsa.

Daga wata na 4 zuwa na 6 a sake aunawa. In an yi wata biyu ana bin dabarun nan ba canji, ko abin na ƙaruwa, a tura shi asibitin gundumar Tanut. A wannan lokaci ne a Turai ake maganar hula, wadda ake sawa sa'a 23 a rana na tsawon watanni, ana komawa a gyara ta a kai a kai, amfaninta kuma ya ragu ƙwarai bayan shekara ɗaya. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, kuma tafiya daga Tanut zuwa Damagaram kaɗai ta kai wajen kilomita 150, abin da gwajin 2014 ya nuna bai isa a ɗora wa iyali wannan nauyi ba.

6. Kan da bai kamata a jira ba

Babban kuskuren da ake gudu shi ne a ɗauki wata cuta a matsayin bajewar kwanciya. Akwai ƙullewar mahaɗar ƙashi kafin lokaci, wadda ke samun wajen jariri 1 cikin 2000 zuwa 2500, kuma maganinta tiyata ne da aka fi son a yi cikin shekarar farko. A bajewar kwanciya, idan an kalli kai daga sama, kunnen gefen da ya baje yakan matsa gaba, goshin wannan gefe ya ɗan turo. A ƙullewar mahaɗa kuwa, siffar takan bayyana tun haihuwa, ba ta sauyawa da juya kai, sau da yawa kuma yatsa na jin tudu mai tauri a kan mahaɗar. Irin da aka fi gani shi ne kai mai tsawo gaba da baya, matsattse a gefe. Irin wannan yaro a tura shi asibitin ƙasa na Damagaram ba tare da jinkiri ba, domin watakila sai an kai shi Yamai.

Haka kuma kan da ke girma fiye da ƙima, musamman bayan sanƙarau wanda Damagaram ke cikin yankinsa, na iya zama taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Maɗigar da ta kumbura tare da zazzaɓi, ko wadda ta lotsa tare da zawo, abu ne na gaggawa a ranar.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa bajewar ƙeya tana bin saurin girman kai, don haka amfanin magani ya fi yawa kafin wata na 4, ya ragu bayan wata na 6. Ga Gangara da makwabtanta muna ba da shawara uku: a sa kallon kai daga sama da gwajin waiwaye cikin ziyarar rigakafi ta sati 6, 10 da 14, a koya wa ungozomomi alamomin da ke sa a tura yaro gaba, tunda su ne ke fara riƙe kansa, a kuma ɗauki bajewar ƙeya a yaro mai rauni a matsayin dalilin auna nauyinsa da duba lafiyarsa gaba ɗaya.