Shirya Malamai Mata Domin Riƙe Shugabancin Makarantu Masu Zaman Kansu

Kamar yadda jama'a ke gani, makarantu masu zaman kansu sun yawaita, tun daga manyan birane har zuwa hedkwatocin ƙananan hukumomi da ƙauyuka. Akwai na nazare da firamare, akwai na sakandare, akwai kuma na Islamiyya masu haɗa karatun addini da na boko. Duk wanda ya leƙa ƙananan azuzuwan irin waɗannan makarantu zai tarar da mata suna koyarwa, amma idan ya nemi ganin shugaba, sau da yawa namiji zai iske a ofis. Wannan bayani zai nuna matakan da malama za ta bi domin ta cancanci wannan kujera, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan masu makarantu da jami'an ƙananan hukumomi.

Muhimmancin al'amarin

A karkara, lokacin da yarinya ta fara girma shi ne lokacin da iyaye suka fi tunanin cire ta daga makaranta. Idan akwai mace mai faɗa a ji a makarantar, hankalin uwa ya fi kwanciya, domin za ta iya zuwa ta faɗi damuwarta ba tare da nauyin baki ba. Haka ita ma ɗaliba ta fi sakin jiki ta bayyana matsalar lafiyarta, ko ta kai ƙarar wanda ke takura mata. Bugu da ƙari, shugaba mace na iya shiga cikin gida ta tattauna da matan aure, inda malami namiji zai tsaya a zaure. Saboda haka maganar ta shafi ko yarinya za ta kammala karatun shekara 9 da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta, ko za ta tsaya a hanya.

Ba baƙon abu ba ne

Horar da mata su jagoranci harkar ilimi ya daɗe a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan koyar da zaɓaɓɓun mata da ake kira jaji, ta ba su malfa a matsayin alamar muƙami, su kuma su koma garuruwansu su karantar da sauran mata. A wannan zamani kuma akwai misalin Hajiya Aisha Lemu, wadda ta shugabanci kwalejin horar da malamai mata ta Minna, ta kuma zama shugabar farko ta ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a 1985, ƙungiyar da ta buɗe makarantu a jihohi da dama. Ta rasu a 2019. Darasin da ke cikin misalan biyu shi ne, sai an koyar da mace aikin, an danƙa mata shi a bainar jama'a, sannan ake girmama muƙaminta.

Mataki na farko: takardun cancanta

A tsarin ilimi na ƙasa, takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aikin koyarwa da ita. Mai son shugabantar sakandare kuwa, ya kamata ta mallaki digiri a fannin ilimi. Wadda digirinta na wani fanni ne daban, sai ta ƙara da babbar difloma ta koyarwa, wato PGDE. Haka kuma wajibi ne ta yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993.

Aure da reno ba su isa su rufe wannan ƙofa ba. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, tana gudanar da karatu daga nesa ta hanyar cibiyoyinta da ke jihohi, haka ita ma jami'ar karatu daga gida, NOUN. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Gusau ta mata ce zalla. Ga mai son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna ba da digiri na biyu a fannin tsarawa da gudanar da ilimi, sannan cibiyar NIEPA da ke Ondo tana shirya wa shugabannin makarantu kwasa-kwasan ƙara sani.

Mataki na biyu: koyon aikin ofis

Takarda kaɗai ba ta riƙe makaranta, kuma iya koyarwa daban ne da iya shugabanci. Malama ta nemi ƙananan muƙamai tun da wuri: malamar aji, shugabar sashe, jami'ar jarrabawa, sannan mataimakiyar shugaba. A nan za ta koyi tsara jadawalin darussa, duba shirin darasin sauran malamai, adana rajistar ɗaukar ɗalibai da ta halarta, da yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO ko NBAIS kafin wa'adi ya cika.

Fannin da aka fi barin mata a baya shi ne na kuɗi, alhali shi ne ƙashin bayan makaranta mai zaman kanta. Makarantar gwamnati tana jiran albashi daga baitulmali, amma wannan da kuɗin makaranta take biyan malamai da hayar gini da gyaran kujeru. Kuɗin yana shigowa ne zango-zango, sau 3 a shekara, albashi kuwa kowane wata ake jiransa, kuma manomi bai cika samun kuɗi a hannu ba sai da kaka. Shugabar da ba ta iya tsara kasafi bisa wannan yanayi ba, za ta wayi gari malamanta na bin bashin albashi, daga nan ƙwararrun cikinsu su watse. Don haka ta zauna da akanta ta koyi rubuta rasit, da littafin shiga da fitar kuɗi, da sharuɗɗan sabunta izinin makaranta a ma'aikatar ilimi.

Har ila yau akwai tsaron yara. Nijeriya ta fitar da manufar kare makarantu daga hare-hare da cin zarafi a 2021. Ya zama dole shugaba ta san wanda ke shiga da fita, da wanda aka amince ya ɗauki kowane yaro, da hukumar da za ta tuntuɓa idan wani abu ya faru.

Mataki na uku: samun jagora

Hausawa na cewa na gaba idon na baya. Yana da kyau malama ta sami gogaggiyar shugaba, ko mai ci ko mai ritaya, wadda za ta riƙa neman shawararta kan abubuwan da ba a koyarwa a aji, kamar yi wa malamin da ya girme ta gyara ba tare da ta kunyata shi ba, ko fuskantar uban da ya zo cikin fushi. Haka kuma ta fahimtar da maigida da dangi tun farko cewa aikin yana da taruka da tafiye-tafiye, domin goyon bayan gida shi ke sa a daɗe a kan kujerar.

Nauyin masu makarantu da jami'ai

Ana jawo hankalin masu makarantu da su rubuta sharuɗɗan ƙarin girma a fili, su daina naɗi saboda dangantaka kawai. Wadda aka naɗa a ba ta takardar naɗi da cikakken iko, kada ta zama shugaba a suna, hukunci kuma yana hannun wani. A riƙa sa taruka da rana, a kuma tanadi wurin masu shayarwa. Rassan ƙungiyar masu makarantu, NAPPS, na iya haɗa ƙarfi su shirya bita a lokacin dogon hutu.

Su kuma sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, ya dace su riƙa gayyatar malamai mata na waɗannan makarantu idan ana horar da shugabanni, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar mata nawa ke riƙe da muƙami. Hakimai da dagatai da malaman addini suna da rawar takawa wajen gabatar da sabuwar shugaba ga jama'a a taron iyaye da malamai.

Daga ƙarshe, ana kira ga duk malamar da ke da wannan buri da ta duba takardunta, ta cike abin da ya rage, ta kuma tuntuɓi ofishin ilimi na ƙaramar hukumarta domin sanin cibiyar karatu mafi kusa da ita.