Tafiya a jirgin sama ga mai ciwon sukari nau'i na ɗaya

Mai fama da ciwon sukari nau'i na ɗaya, jikinsa ya daina samar da sinadarin insulin, saboda haka rayuwarsa ta rataya ne a kan allura. Idan ya rasa ta na yini guda ko ƙasa da haka, guba na iya taruwa a jininsa har ta kai shi ga suma ko rasa rai. Ke nan ɓatan jaka a filin jirgin sama, wanda ga sauran fasinjoji ɓacin rai ne kawai, a wurinsa babban haɗari ne.

Wannan ne ya sa likitoci ke cewa kada a sanya insulin cikin kayan da ake aunawa a tura ƙasan jirgi. Ban da yiwuwar jakar ta ɓata, sanyin wurin na iya daskarar da maganin, kuma insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya. Matsayinsa jakar hannu, tare da sirinji, da na'urar auna sukari, da alawa ko dabino. Ana kuma ba da shawarar a ɗauki ninkin abin da ake buƙata, a raba shi gida biyu.

Takardar likita

A watan Agustan 2006 ne hukumomin Birtaniya suka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jiragen sama da abubuwan fashewa na ruwa, lamarin da ya haifar da dokar taƙaita abu mai ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100. Dokar ba ta hana ɗaukar magunguna ba, amma jami'in tsaro na da ikon neman hujja.

A nan ne takardar likita ke da amfani. Ya kamata ta ƙunshi sunan matafiyi kamar yadda yake a fasfo, da irin ciwon, da ainihin sunan insulin ɗin, da bayanin cewa dole ne ya riƙe allurai a cikin jirgi. A rubuta ta da Turanci, a buga mata hatimin asibiti, a kuma bar maganin cikin kwalinsa na asali. Jami'in da ya ga allurai babu suna a ƙasar da ba a jin harshen juna, ba zai yi saurin sakin mutum ba.

Masu ɗauke da famfon insulin ko na'urar auna sukari da ke manne a jiki su sanar da jami'ai tun kafin bincike, domin kamfanoni da dama sun yi gargaɗin kada a bi da na'urorinsu ta injin haska kaya. Ana iya neman a yi binciken da hannu.

Zafi da bambancin lokaci

Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi ne a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Wanda aka fara amfani da shi yakan kai kimanin makonni huɗu muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Ga maniyyata aikin Hajji wannan abin lura ne ƙwarai: a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Jaka mai sanyaya magani ta zama wajibi, sai dai kada kwalbar ta taɓa ƙanƙara.

Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da sa'o'i 2 ne kawai, ratar da ba kasafai take buƙatar babban sauyi ba. Tafiya zuwa Amurka ko Sin ce ke da sarƙaƙiya, domin wanda ya nufi gabas yininsa na gajarcewa, wanda ya nufi yamma kuma nasa na tsawaita. Likita ne zai tsara lokutan allurar tun kafin tashi. A cikin jirgi kuwa, kada a yi allurar cin abinci sai abincin ya iso, saboda ana iya jinkirta rabonsa sukari ya faɗi.

Wanda maganinsa ya ƙare a ƙasar waje ya duba ƙarfin wanda zai saya. Akasarin ƙasashe na amfani da U-100, amma a Indiya ana samun U-40, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi U-100 da sirinjin U-40 zai yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya.