Walda ba gas a Sokode da Dapaong: A duba lambar waya kafin a biya kuɗi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango da Dapaong har zuwa Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, da wuya ya wuce gari bai ga rumfar masu walda a gefen titi ba. Su ne ke ƙera wa ɗan kasuwa ƙofar shago da teburin baje koli da amalanke, su ne kuma ke ɗinke motar da ta karye da kaya a hanya. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kayan Nijar da yawa suka koma bin wannan hanya daga tashar jirgin ruwan Lome, manyan motoci suka ƙaru a kanta.

A 'yan shekarun nan wani ƙaramin injin walda ya shigo kasuwannin Afirka ta Yamma, akasari daga Sin, wanda ba ya aiki da sandar walda da aka saba, kuma ba ya bukatar tukunyar gas. Naɗin waya ake saka masa, shi kuma yana turo ta ta bakin toci. Tambayar da ta shafi fatake ita ce: shin ɗinkin wannan waya yana da ƙarfi kuwa? Amsar ita ce yana da shi, amma ba ga kowane aiki ba, kuma ba kowace waya ba.

Yadda wayar ke aiki

Ita wannan waya kamar siririn bututu take, an cika cikinta da hodar magani. Idan wuta ta kama, hodar kan ƙone ta ba da hayaƙin da ke kare narkakken ƙarfe daga iska, sannan ta bar ɓawo a sama irin kashin maƙera, wanda ake ɓamɓarewa bayan ya huce. Ba sabuwar dabara ba ce, domin tun ƙarshen shekarun 1950 aka fito da ita a Amurka, kuma da ita ake haɗa manyan gine-gine da gadoji a can.

Amfaninta a fili yake. Injin da ke aiki da tukunyar gas ba ya son iska, da ta kaɗa sai ta kore gas ɗin, ɗinkin ya fito da ramuka. A wuri kamar Dapaong, inda iskar hunturu ke busawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma galibin aikin a waje ake yin sa, waya mai hoda ta fi jurewa. Ga kuma hutu daga jigilar tukunya, tunda garin ya fi kilomita 600 daga Lome.

Sirrin yana jikin lamba

A jikin kowane naɗin waya na kirki akwai lamba. Wadda aka fi gani ita ce E71T-GS ko E71T-11. Lamba 7 na nufin ɗinkin zai jure jan da ya kai kimanin kilo 49 a kan kowane murabba'in milimita, wato ya ɗara na sandar E6013 da yawancin masu walda ke amfani da ita, ya yi daidai da na E7018. Lamba 1 kuwa na nufin ana iya walda da ita a kwance, a tsaye ko sama da kai.

Bambancin yana wutsiyar lambar. Mai GS an yi ta ne don ɗinki layi ɗaya tak a kan ƙarfe maras kauri, wanda bai wuce kimanin milimita 5 ba. Idan aka yi ta maimaita layi a kan layi da ita, ɗinkin kan yi tauri ya riƙa tsagewa. Mai lamba 11 tana karɓar layi fiye da ɗaya, amma ita ma tana da iyaka: kamfanin Lincoln Electric ya ƙayyade wa siririyar wayarsa ta wannan aji ƙarfen da bai kai milimita 8 ba. Abin lura kuma, ƙa'idar da aka yi waɗannan wayoyi biyu a kanta ba ta tilasta a gwada juriyarsu ga duka da jijjiga ba. Wadda aka gwada don haka ita ce irin E71T-8, tana zuwa da kauri, sai babban inji ke iya ƙona ta.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Ranar 17 ga Janairun 1994 girgizar ƙasa ta afka wa unguwar Northridge a birnin Los Angeles. Da aka bincika, sai aka tarar ɗinkin ginshiƙan gine-ginen ƙarfe da yawa ya tsage, kuma akasarinsu da wayar E70T-4 aka yi, mai ƙarfin ja amma maras jure girgiza. Daga nan aka tsaurara ƙa'ida. Motar da ke hawa da sauka da lodi a tsaunukan Aledjo, tsakanin Sokode da Kara, ita ma jijjiga take sha dare da rana.

Inda aiki ke ɓaci

Ko da waya mai kyau, abubuwa huɗu ke lalata ɗinki. Na farko, juya kebul. Waɗannan wayoyi suna son a haɗa toci da ramin da ke da alamar ɗebewa, kebul ɗin da ake maƙalawa a jikin ƙarfe kuma da mai alamar tarawa. In aka juya, sai tartsatsi ya yi yawa, ƙarfen bai narke ciki ba. Na biyu, ƙarancin wuta. Idan lantarki ya yi sanyi ko janareta ya yi ƙarami, ɗinkin kan zauna a sama kamar an shafa, ido ya ga kyau alhali bai kama ba. Na uku, tura toci gaba maimakon janyo shi baya, ko yin sabon layi ba a share ɓawon na farko ba, sai kashin ya maƙale a ciki. Na huɗu, danshi. Wayar da ta sha damina a buɗe ta yi tsatsa, ramuka za ta haifar.

Shawara ga ɗan kasuwa

Mai sarin wannan waya ya guji naɗin da ba shi da lamba, ko wanda ledarsa ta yage, domin araha ba ta ado. Ya ajiye ta nesa da ƙasa da laima, ya kuma tambayi mai saye irin aikin da zai yi kafin ya miƙa masa. Wanda ya sayar da GS ga mai gyaran tirela, ran da ta ɓalle sunan shagonsa za a kira.

Mai ba da aiki kuma ya raba ayyukansa gida biyu. Ƙofar shago, taga, rumfa, tebur da amalanke, waya mai hoda ta wadatar in mai waldan ya iya. Amma shasin babbar mota, mahaɗar tirela da duk abin da rai ko dukiya mai nauyi ke rataye a kansa, a nemi gwani mai babban inji da sandar E7018 busasshiya. Sifirin mota kuwa ba a yi masa walda, canja shi ake yi. Wasu shasin ma masu ƙera su sun hana a sa musu wuta kwata-kwata.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a biya. A sa mai waldan ya haɗa guntaye biyu na irin ƙarfen da za a yi aikin da shi, a ɗaure a maƙama a buga da guduma. Idan ƙarfen ya lanƙwashe ɗinkin na riƙe, aiki ya yi. Idan ɗinkin ya ɓalle kamar ƙosai daga kasko, ko aka ga ramuka a cikinsa, a nemi wani. A kuma tuna hayaƙin wannan waya ya fi yawa, musamman a kan ƙarfe mai rufin kwano, don haka kada a yi aikin cikin shago a rufe. Minti biyar na gwaji a Sokode ya fi kwana uku ana gadin kaya a daji kafin Mango. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.