Ɗan Leƙen Asiri Mai Ƙafar Sarƙa

Kowace runduna tana da mutumin da take turawa gaba ya dubo mata hanya, kuma sau da yawa shi ke fara taka nakiya ko faɗawa kwanton ɓauna. Shi ya sa sojoji suka daɗe suna neman na'urar da za ta karɓi wannan aiki. A 2002 dakarun Amurka sun riƙa tura PackBot, wani ƙaramin mutum-mutumi mai tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi, cikin kogwannin duwatsun Afganistan kafin mutum ya sa ƙafa.

To me ya sa har yau jirage marasa matuƙa ne suka mamaye leƙen asiri, su kuwa na ƙasa suna jan ƙafa? Sama fili ce fetal. Ƙasa kuwa ga laka, ga yashi, ga rami, ga ɓaraguzan gini. Babbar matsalar ma ita ce sadarwa: eriyar na'urar tana dab da ƙasa, don haka tudu ɗaya ko bangon gida ya isa ya raba ta da mai sarrafa ta. Rasha ta ɗanɗana wannan a Siriya. Motar yaƙinta Uran-9, wadda aka ƙera don a sarrafa ta daga nisan kusan kilomita 3, ba ta jin umarni idan ta wuce mita 300 zuwa 500 a tsakanin gine-gine, kamar yadda wani masanin tsaron ƙasar ya bayyana a 2018. Ɗan aiken da dole sai ka bi bayansa har bakin daga bai rage maka komai ba.

Akwai kuma ƙara. A 2015 sojojin kundumbala na ruwa na Amurka sun jingine LS3, mutum-mutumi mai ƙafa huɗu na kamfanin Boston Dynamics, saboda rurin injinsa zai tona asirin inda suke.

An gwada irin waɗannan na'urori a Sahel ma. A 2019 sojojin Istoniya da ke cikin rundunar Barkhane sun kai na'urar THeMIS garin Gao na Mali, ta yi sintiri tare da su a cikin zafi da ƙura. Sai dai aikinta mafi yawa dakon ruwa da kaya ne. Haka abin yake a Yukiren: duk da cewa a Disambar 2024 rundunar Khartiia ta kai farmaki kusa da ƙauyen Lyptsi da na'urori zalla, yawancin na ƙasa suna kai abinci da harsasai ne, suna kwaso waɗanda suka jikkata.

A ganina, makomarsu a leƙen asiri ba ta hannun manya masu ɗauke da igwa. Tana ga ƙanana masu arha, waɗanda ko an rasa ɗaya ba a yi zaman makoki ba. Abin da suka fi jirgi da shi haƙuri ne. Ƙaramin jirgi mai batir yakan yi wajen rabin awa a sama ya koma gida, iska mai ƙarfi ko hazo su hana shi tashi. Na ƙasa kuwa zai laɓe a gindin bishiya, ya kashe inji, ya bar kyamara da makirfo suna aiki tsawon lokaci. Zai shiga ramin ƙarƙashin ƙasa da cikin ɗaki, inda idon sama ba ya kaiwa.

Saura batun abin da zai yi idan abokan gaba suka toshe siginar. Wasu suna jona masa siririyar wayar gilashi mai tsawon kilomitoci, wadda ba a iya toshewa amma ƙaya ko taya kan tsinke ta. Wasu suna koya masa gane hanya da kansa. A gasar motoci masu tuƙa kansu da hukumar DARPA ta Amurka ta shirya a 2004 babu motar da ta wuce kilomita 12 a hamada ba direba. A shekarar da ta biyo baya guda biyar suka kammala kilomita 212. Amma a ranar ba wanda ke harbin su, ba kuma wanda ya binne musu nakiya a hanya.