Ɗana Yana Koyar da Turanci a Japan: Abin da Muka Gani, Abin da Muka Koya

Ni sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce. Na haura shekara ashirin ina wannan harka a Kumasi, kuma rabin abin da ke cikin shagona daga Japan ya fito: injin Toyota, giyar Nissan, fitilun Honda. Duk tsawon wannan lokaci Japan a wurina sunan kaya ne kawai, ban taɓa kawowa a raina wata rana ɗana zai je can ya zauna ba.

Yaron a nan aka haife shi, a nan ya yi karatu tun daga firamare har jami'a. Ya ɗan koyar a wata makarantar kuɗi, albashin bai isa ya riƙe kansa ba, balle a yi zancen aure. Ranar da ya zo shago ya ce, "Baba, na samu aikin koyar da Turanci a Japan," abin da ya fara zuwa mini shi ne kasuwa ta buɗe, na samu wakili a bakin rijiya. Mahaifiyarsa kuwa tambaya biyu ta yi: me zai ci, ina zai yi salla? Yau ga shi ya wuce shekara biyu a can, kuma na yarda tambayarta ta fi lissafina ma'ana. Tun da iyaye da yawa suna tare ni a masallaci da kasuwa suna tambaya, na ga gara in rubuta abin da na sani kowa ya amfana.

Ƙofofin shiga

Ƙofa biyu ce sananna. Ta farko shirin gwamnatin Japan ne da ake kira JET, wanda aka fara a 1987. Ta ofishin jakadancin Japan ake nema, mutum zai iya yin har shekara biyar, kuma shekaru da dama kafin 2025 albashin shekarar farko ya kasance yen miliyan 3.36 kafin a cire haraji. Sai dai mafi yawan waɗanda ake ɗauka daga Amurka suke, sai irin su Ingila da Kanada da Ostareliya. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta fi samun gurbi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kamfanonin da ke ɗaukar malamai su rarraba wa hukumomin ilimi na garuruwa. Mu 'yan kasuwa mun san wannan tsarin, dillanci ne: hukuma ta biya kamfani, kamfani ya cire rabonsa, ya ba malami saura. Ta nan nawa ya bi. Sun nemi digiri, sun kuma nemi shaidar cewa ya yi shekara 12 yana karatu da Turanci. A nan ne yaran da suka tashi a Ghana ko Najeriya suke da sauƙi a kan 'yan uwansu na Yamai ko Lome ko Kwatano da suka yi boko da Faransanci.

Ya sauka a ƙarshen Maris ɗin 2023, ana cikin azumi, domin shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa ta ƙare a Maris. Aka tura shi wani ƙaramin gari a lardin Ibaraki, arewa maso gabas da Tokyo, gari ne na gonakin shinkafa. Tun a filin jirgi aka ba shi katin zama, wanda doka ta ce kullum ya kasance a jikinsa, sannan cikin kwana 14 da samun masauki dole ya je ofishin hukumar gari ya yi rajistar adireshinsa.

Malami ne, amma mataimaki

Abu na farko da ya ba shi wuya shi ne matsayinsa. A gida shi ne mai aji, alli a hannunsa, magana tasa. A can sunan aikin ma mataimakin malamin harshe ne. Akwai malamin ƙasar a cikin ajin, shi ne mai darasi. Wani malamin zai ce masa ya shirya wasanni da hira, ya sakar masa rabin lokaci. Wani kuwa sai ya tsayar da shi a gefen allo, in an zo wurin karatu ya ce ya karanta yara su maimaita, shi ke nan. Ya ce mini, "Baba, wani ajin ni rediyo ne kawai, a kunna ni a kashe ni."

Makaranta uku yake zagayawa a mako, firamare biyu da ƙaramar sakandare ɗaya, a kan keke. Tun daga 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare, 'yan aji uku da huɗu kuma ana fara gabatar musu da shi ta waƙa da wasa, shi ya sa ake buƙatar irinsu.

Wani abin dariya da ya gano shi ne, bakin Japanawa da namu sun yi kama wajen lanƙwasa Turanci. Mu muka ce tebur, su suka ce teburu. Mu bokiti, su baketsu. Mu tawul, su taworu. Su ma suna da wasali mai ja da baƙi mai nanatawa kamar Hausa. Ya ce wannan ya taimaka masa ƙwarai: ya san inda harshen yaro zai maƙale tun kafin ya maƙale, domin ya ji irinsa a bakin kakarsa.

Makarantar kanta tana da al'adunta. A bakin ƙofa kowa yake cire takalmin waje ya sa na ciki, har hedimasta. Akwai lokacin shara kullum, yara ne ke share aji da baranda da tsintsiya da tsumma, malamai na tare da su. Makon farko ya tsaya yana kallo, hannu a baya, irin na malaman gida. Da ya ga mataimakin hedimasta ya durƙusa yana goge ƙasa, ba wanda ya ce masa komai, da kansa ya je ya ɗauki tsintsiya. Ya ce daga ranar yara suka fara sakin jiki da shi.

Maganar fata ma akwai ta. Yawancin yaran ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba. Wasu su shafa hannunsa su duba tafinsu, wasu su nemi taɓa gashinsa, wani ya tambaye shi ko akwai zaki a bayan gidansu. Na yara bai dame shi ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne ranar da ya zauna a jirgin ƙasa cike da mutane, kujerar gefensa ta zauna fanko har ya sauka. Da ya kira ni ransa a ɓace, na ce masa, "Kai, mu ma da muka zo garin nan an yi mana kallon baƙi. Baƙunta haƙuri take so."

Tambayar mahaifiyarsa

A firamare da yawancin ƙananan sakandare na gwamnati, abinci ɗaya kowa yake ci da rana. Yara ne ke sa fararen riguna su raba, malami ya zauna ya ci tare da su. Shinkafa ko burodi, miya, kifi ko nama, da madara kusan kullum. Matsalar ita ce naman alade yana yawan shiga, wani lokaci ba a ma ganinsa, yana cikin romon miya. Sannan suna da wata giyar shinkafa da suke zubawa a girki kamar yadda muke sa magi.

Da yake azumi ya tarar, kwanakin farko ya tsira da cewa yana azumi. Bayan salla ya je ya sami mataimakin hedimasta, ya yi masa bayani a tsanake, aka yarda ya riƙa zuwa da abincinsa daga gida. Shawararsa ga duk mai zuwa ita ce ya faɗi wannan tun ranar farko, kada ya bari sai an ajiye masa faranti a gaba ya ture, domin barin abinci a wurinsu abin kunya ne. Kaza mai tambarin halal yana samunta a daskare a shagunan Gyomu Super, kifi kuwa ba a magana. Akwai wani waken suya da suke ruɓarwa mai suna natto, wanda birnin Mito, hedikwatar lardin, ya yi suna a kai. Turawa da yawa ba sa iya ko shinshina shi. Shi kuwa da ya buɗe ya ce, "Ai wannan daddawa ce." Malamai suka yi ta mamakin baƙon da ke cin natto ba ya yatsine fuska.

Azahar yana yinta a wani ɗakin ajiya da aka ba shi izini. Juma'a ce mai wuya, don ranar aiki ce cur, sai lokacin hutu yake samunta. Masallatai akwai su, wanda ya fi daɗewa shi ne na Kobe da aka gina a 1935, ga kuma babban masallacin Tokyo na Turkawa. Da yawa daga ƙananan masallatan lardunan da ke kewaye da Tokyo kuwa 'yan Pakistan masu fataucin tsofaffin motoci ne suka kafa su. Da na ji haka na ce to, ashe ko a can ma ɗan kasuwa ne ke fara shimfiɗa tabarmar salla.

Sai liyafar malamai ta farkon shekara da ƙarshenta, inda ake shan giya. Da farko ƙin zuwa ya yi, sai ya lura ana ɗan ja baya da shi. Yanzu yakan je ya zauna da shayinsa na ɗan lokaci, a gaisa, ya yi sallama. Wannan kowa da inda zuciyarsa ta natsu, mai shakka ya tambayi malaminsa.

Su ma suna da "albarka"

Bajapane ba kasafai yake cewa a'a kai tsaye ba. In ka kawo shawara ya ja numfashi ya ce "da ɗan wuya" ko "za mu duba", to an gama magana. Yaron ya yi wata uku yana jiran amsar wani shiri da ya kai wa wata malama, ashe tun ranar ta ba shi amsa. Na yi dariya na ce, "Kai ɗan kasuwa ne fa. In ka taya kaya aka ce maka albarka, tsayawa kake yi jiran a miƙo maka?" Haka kuma suna da al'adar tsaraba kamar mu. Wanda ya yi tafiya ko ta kwana biyu ce sai ya kawo ɗan abin taɓawa ɗakin malamai. Da ya zo hutu ya koma da cakulan ɗin Ghana, ya ce abin da kwalin nan ya yi masa, wata shida na gaisuwa bai yi ba. Lokaci kuwa ba wasa: wanda ya iso daidai ƙarfe takwas ɗin da aka ce, a wurinsu ya kusa makara.

Lissafin kuɗi

A nan ne na sha kunya. Wata na biyu na tura masa jerin kayan da nake so ya nemo mini farashinsu ya fara lodi. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, bizata ta koyarwa ce. In na shiga fatauci ba da izinin hukumar shige da fice ba, za su iya ƙin sabunta mini, ko su koro ni." Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarsa ce. Iyaye 'yan kasuwa, mu kiyaye wannan, kada kwaɗayin kwantena ɗaya ya jawo wa yaro asarar zamansa.

Albashin in ka juya shi zuwa sidi ko naira ko sefa sai ka ga kamar dukiya. Amma kama gida kaɗai yana cin kuɗin ajiya, da la'adar dillali, wani wurin har da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa. Ana cire inshorar lafiya, wadda ke biyan kashi 70 na kuɗin asibiti, da kuɗin fansho. A shekara ta biyu, daga watan Yuni, harajin mazauna gari yake faɗowa, ana lissafa shi a kan abin da mutum ya samu bara. Wanda bai tanada ba sai ya ji kamar an yi masa fashi. Kamfanoni da yawa kuma suna rage albashi a watannin hutu, musamman Agusta. Ga sanyin hunturu da kuɗin kananzir na ɗumama ɗaki. Ƙari a kan haka yen ta faɗi, a tsakiyar 2024 dala ɗaya ta haura yen 160, abin da yake turowa gida ya ragu ba tare da an taɓa albashinsa ba. Abu ɗaya mai daɗi: wanda ya bar ƙasar gaba ɗaya zai iya neman a mayar masa da wani kaso na kuɗin fanshonsa, in ya nema cikin shekara biyu.

Ga mai shirin tura nasa

A karanta kwantiragi layi-layi kafin a sa hannu: nawa ne albashin watannin hutu, wa ke biyan kuɗin jirgi, wa ke kama gida. Duk wanda ya ce a ba shi makudan kuɗi zai samo wa yaro aikin koyarwa a Japan, a yi hattara da shi, domin neman JET kyauta ne. Yaro ya tafi da guzurin da zai riƙe shi wata biyu, don albashin farko yakan yi jinkiri. Ya fara koyon harshensu tun daga gida, ko gaisuwa ce da haruffa. Mu kuma na gida mu rage buƙatu a shekarar farko.

Sannan a riƙa kiransa. Japan tana gaban Ghana da awa tara, tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas. Lokacin da nake buɗe shago shi yana tashi daga aiki, zai koma ɗakin da ba kowa. Ya taɓa gaya wa mahaifiyarsa cewa akwai Asabar da Lahadin da bai buɗe baki ya yi magana da ɗan Adam ba sai mai kanti. Tun daga ranar muka tsayar da ƙa'ida: duk Lahadi da safe ana haɗuwa a WhatsApp, har ƙannensa.

A Maris ɗin da ya wuce, 'yan aji shida da suka gama firamare sun haɗa masa kati, kowane yaro ya rubuta layi ɗaya da Turanci. Ya ɗauki hoto ya turo. Ƙanwarsa ta karanta mana, wani yaro ya rubuta cewa in ya girma zai zo Ghana. Mahaifiyarsa ta sa aka wanke hoton, yana nan a jikin bangon ɗakinta. Ya ce zai ƙara shekara ɗaya ko biyu, ya ƙware a harshen, sannan a zauna a yi maganar aure da ta shago. Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya tsare mana yaranmu duk inda neman halak ya kai su.