Gurasa da Baƙon Birnin Kano

Baƙon da ya sauka Kano ya tafi bai ɗanɗani gurasa ba, haƙiƙa ziyararsa ba ta cika ba. Sunanta daga Larabci yake, kuma ana danganta zuwanta da fataken Larabawa da suka ratso hamada suka zauna cikin birni. Garin alkama ake kwaɓawa, a bar ƙullin ya tashi, sa'an nan a manna shi a jikin tanderu. Mafi daɗinta ita ce bandashe, wadda ake yayyafa wa ruwa, a barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa. Sai dai fulawar kanti ta danne alkamar gida, kuma wanda ya san gurasar dā yana jin bambancin a harshensa. Idan rana ta take, fura da nono ake korawa da ita.