Kafin Ka Sayi Sabon Batir

Da yawa cikin ikkilisiyoyinmu na ƙauye suna da mota guda ɗaya tak. Ita ke kai fasto wa'azi, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran da ta ƙi tashi, sai ka ji kowa na cewa batir ya mutu, a yi baiko a sayi sabo. Bayan kwana kaɗan sabon ma ya kwanta, kuɗin jama'a ya tafi a banza.

Batir rumbu ne kawai, ba ya noma. Mai noman wutar shi ne altaneta, wanda fambel ke juyawa muddin inji na aiki. In rumbu ya ƙare, gona ake fara dubawa.

Ka murɗa makulli, kada ka ta da inji. Jar fitila mai hoton batir za ta kama. In inji ya tashi ta mutu, madalla. In ta ci gaba da ci, caji ba ya shiga. In kuwa ba ta kama ba tun farko, kada ka yi murna: a motoci da yawa ta hanyar fitilar nan altaneta ke samun wutar fara aiki.

Sai ka kashe inji, ka danna fambel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, ko yana ƙara da safe kamar kukan ɓera, ya saki. Ka duba kawunan batir kuma. Farin garin da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Ruwan zafi da buroshi sun ishe shi.

Wanda ke da mitar gwajin wuta (makarantun da ke koyar da kimiyya sukan ajiye ɗaya) ya ɗora ta a kawunan batir. Lafiyayyen batir yakan nuna wajen bolt 12.6 inji a kashe. Inji na aiki, ya kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta motsa ba, laifin na altaneta ne ko wayoyinsa. In ta wuce 15, caji ya yi yawa, batir zai tafasa, har ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Akwai wata dabara da ban yarda da ita ba ko kaɗan, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu. Gadon zamanin dinamo ce. A motar yau wutar takan yi tsalle ta ƙona altaneta ko kwamfutar inji, kuma gyaran kwamfuta ya fi kuɗin batir nesa ba kusa ba. In makanike ya kai hannu zai cire, ka ce masa ya kawo mita.